Yadda ake koya wa yaro fahimtar karatu da tatsuniyar Gizo

Akwai yaron da za ki miƙa wa littafi ya karanto miki shafi guda tiryan-tiryan babu gargada, amma kina rufe littafin kika ce to me aka ce a ciki, sai ya tsaya yana kallonki yana sosa ƙeya. Ba daƙiƙanci ba ne. Yadda aka saba koyarwa ne a yawancin azuzuwanmu, malam ya faɗa yara su maimaita da ƙarfi gaba ɗaya har abin ya zama hadda, baki yana aiki amma kai yana hutu. Kuma wannan yaron dai, in aka yi masa tatsuniya sau ɗaya da daddare, gobe zai maido ta kaf har da muryar Gizo, har ya yi gardama da yayarsa a kan wa ya fara cuta tsakanin Gizo da kura. To kin ga fahimtar tana nan, a kunne take, aikinmu kawai mu ɗauko ta mu kai ta kan takarda.

Zan yi ta cewa "ki" ne saboda yawanci iyaye mata da yayye da malamai mata ke wannan ɗawainiya, amma iyaye maza ku ma da ku ake. Tsarin ya fi dacewa da 'yan shekara 5 zuwa 9, wato daga nazare ta ƙarshe zuwa firamare 3, waɗanda suka fara haɗa baƙi da wasali ko da da ƙyar ne. Kayan aiki ba wani abu ba ne, littafin rubutu ɗaya, maka ko biro, kwalin taliya ko bayan tsohuwar kalanda, almakashi, sai minti 20 zuwa 30 a rana. Kar ki wuce haka, yaro in ya gaji ya gaji.

Mataki na farko, zaɓen tatsuniya

Ba kowace tatsuniya ce ta dace da farawa ba. Ki nemi gajeruwa wadda 'yan cikinta ba su wuce uku ko huɗu ba, wadda ake maimaita abu a cikinta, kuma wadda wani abu ke jawo wani, don a nan ne tambayar "me ya sa" za ta samu wurin zama. Masu Dodo da cinye mutane ki ajiye su tukuna in yaron mai tsoro ne, sannan wasu tatsuniyoyin Gizo akwai batsa a ciki sosai, na tsofaffi ne da suke yi ba ruwansu, don haka ki fara ji ko ki karanta ke kaɗai kafin ki kawo gaban yara.

In kin manta su (da yawanmu mun manta, waya ta cinye dare) ki je wurin kaka ko wata dattijuwa a unguwa ki kunna rikodin ɗin waya ta ba ki biyu ko uku. A rubuce kuma akwai jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, in kin samu a shagon littattafai ko laburare ki riƙe shi da kyau. Akwai kuma tarin da Frank Edgar ya fara bugawa a 1911, amma rubutunsa irin na da ne, bai bi ƙa'idar yanzu ba, ke ce za ki karanta ki sake rubutawa, kar ki miƙa wa yaro shi kai tsaye.

Ni wadda na fi so a fara da ita ita ce ta Gizo da hankaki. Kowane gari da yadda suke ba da ita, amma gangar jikinta ɗaya ce. Ana yunwa, Ƙoƙi ta je ɗiban wuta gidan hankaki ta tarar suna cin ɓaure, suka sam mata, ta kawo wa Gizo ya ɗanɗana. Gizo ya kashe wutar don ya samu dalilin zuwa da kansa, ya yi ta zarya yana kashe garwashin a hanya yana komawa ana ba shi ɓaure, har suka gane, suka ce ɓauren a tsibiri yake tsakiyar kogi, ya bari da asuba su tafi tare. Kowane hankaka ya ara masa gashi ɗaya ya liƙa ya tashi sama. Da aka isa sai haɗama, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce nasa ne shi ya riga gani. Suka ji haushi, kowa ya zare gashinsa suka tafi suka bar shi a kan bishiya, ya yi tsalle ya faɗa ruwa. A nan za ki tsaya. Sauran, wato shigarsa gidan kada, ki ɓoye shi, akwai ranar amfaninsa.

Na biyu, a fara da baki, babu takarda

Ranar farko kar ki fito da littafi sam. Ki zaunar da su ki ce ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta, ki ba da ita yadda ake bayarwa, da tsamin bakin Gizo da komai, "ni na yiga gani, nawa ne". In wani ya tuna miki cewa mai tatsuniya da rana ɓata yake yi, ki yi dariya ki ce an ɗaure Gizo, a ci gaba. Abin da ya bambanta wannan da hirar dare zalla shi ne tsayawa. Ki tsaya sau biyu ko uku a daidai inda rai ke son jin gaba, misali bayan an liƙa wa Gizo gashi, ki ce me kuke gani zai yi in aka isa? Duk abin da suka canka ki karɓa, kar ki ce daidai ko kuskure, ki ce to mu je mu gani. Yaron da ya canki abu zai kasa kunne ya ji ko cankarsa ta fito, kuma wannan ɗabi'ar ce muke so ya tafi da ita cikin karatu.

Tambaya ɗaya ce nake roƙo a daina, "kun gane?" Amsarta kullum "eh" ce, ko ba a gane komai ba.

Bayan ƙurunƙus, ki bar su su yi surutunsu a kai, shi ke nan aikin ranar.

Na uku, rubuta ta

Nan ne aikinki yake, kuma nan mutane suka fi yin sakaci. Kar ki kwafe tatsuniyar yadda kaka ta faɗa da dogayen jimloli, ki raba ta gida biyar ko shida, kowane gida jimla biyar zuwa shida gajeru, da manyan haruffa masu kyau da tazara tsakanin kalmomi. Gida na farko zai iya zama haka:

Ƙoƙi ta je gidan hankaki ɗiban wuta.
Ta same su suna cin ɓaure.
Suka ba ta guda biyu.
Ta kai wa Gizo ɗaya.
Gizo ya ci, ya ji zaƙi.
Sai ya zuba wa wutar ruwa.

Ki lura da jimlar ƙarshe, ban rubuta dalilin da ya sa ya zuba ruwan ba, da gangan ne, gurbin da yaro zai cike da kansa ke nan. A kowane gida ki bar irin wannan gurbi ɗaya.

Lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ dole ce, irin rubutun da muke yi a waya babu ƙugiya mu manya muna cankar ma'ana ne, yaro mai koyo kuwa rikicewa zai yi. 'Yan Nijar su rubuta ƴ yadda aka saba a makarantunsu, mu nan 'y, duk ɗaya ne, a dai tsaya kan guda. Rabon kalma ma a kula, "yana" haɗe, "ya ce" rabe. Tsamin bakin Gizo kuma ki bar shi a baki, a takarda ki rubuta "na riga gani" daidai, sai yaro ya ƙware sannan a yi masa wasa da rubutu. In yaronki Basakkwace ne ko Bakatsine yana cewa "tahi" da "hwaɗi", ki rubuta "tafi" da "faɗi" tunda haka zai tarar a littafin makaranta, amma kar ki tsawata masa a kan harshen gidansu, ki ce masa kawai haka ake rubutawa.

Wata dabara mai daɗi, ki ce yaron ya faɗa ke ki rubuta a gabansa yana kallo. Ganin maganar bakinsa tana zama rubutu yana sa ya gane cewa takarda magana ce take yi, ba waƙar da ake rerawa a aji ba.

Na huɗu kuma gajere ne. Kafin a karanta kowane gida ki ware kalmomi uku da za su iya tare masa hanya, a nan ɓaure, tsibiri, garwashi. Yaron birni da yawa bai taɓa ganin ɓaure ba, ki nuna masa hoto a waya, tsibiri kuma ki kifa ƙaramin kofi a faranti ki zuba ruwa kewaye, ya gani da idonsa. Uku sun isa, kar ya koma darasin ƙamus.

Na biyar, karatun kansa

Sau uku ake yi. Ke ki karanta yana bin yatsanki da ido, ku karanta tare, sannan ya karanta shi kaɗai da nasa yatsan a ƙarƙashin kalma. Malaman da suka yi aiki da littattafan Mu Karanta a firamaren Bauchi da Sakkwato sun san wannan tsari na malam ya yi, a yi tare, ɗalibi ya yi. In ya maƙale a kalma kar ki yi caraf ki faɗa masa, ki rufe rabinta da yatsa ya ɗauke ta gaɓa-gaɓa, han-ka-ki, sannan ya koma farkon jimlar ya karanto ta gaba ɗaya don ma'anar ta haɗu.

Matsalar tatsuniya dai ita ce yaro ya riga ya san labarin, kuma yaranmu gwanayen hadda ne, zai iya zubo miki shafin idonsa na kan silin. Ga yadda ake kama shi. Ki rubuta kwafi na biyu ki sauya kalma ɗaya ko biyu a ɓoye, maimakon "ɗiban wuta" ki sa "ɗiban ruwa", maimakon "guda biyu" ki sa "guda biyar". Mai hadda zai wuce ya ce wuta, mai karatu zai tsaya ya ce Umma ai ba haka ba ne, an yi kuskure. Ranar da ya kama ki, ki yi murna ki nuna masa kin ji daɗi, kuma ki mayar da abin wasa, kullum ki ce na ɓoye ƙarya biyu a shafin nan nemo su. Wallahi yara suna son wannan fiye da karatun kansa.

Abu ɗaya da ya shafi rubutun Hausa musamman, ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka jimla kamar "ta zauna a gindin kuka tana kuka" sai wanda ke bin ma'ana ne zai furta ta daidai. In kin ji yaro ya furta kalma da karin da ba nata ba, alama ce idonsa na karatu amma hankalinsa ba ya cikin labarin, ki ce sake, wace kukar ake nufi a nan?

Na shida, tambayoyi, kuma nan ne zuciyar aikin

Tambaya iri uku ce kuma a jere ake hawa su. Ta farko ita ce wadda amsarta ke kwance a shafi, wa ya je ɗiban wuta, ɓaure nawa aka ba ta. Ko ya amsa daidai ki ce nuna min da yatsa inda aka faɗa, don kar ya amsa daga abin da ya ji jiya. A cikin wannan rukunin ki riƙa tambayar su "ya" da "ta" da "su", domin nan yara da yawa ke ɓacewa ba a sani ba. "Suka ba ta guda biyu", su wa suka bayar, wa aka ba? Hausa ta sauƙaƙa mana, Gizo "ya" ne, Ƙoƙi "ta", kura "ta", dila "ya", to ki nuna masa yadda wannan ƙaramar kalma ke gaya masa wa ake nufi.

Ta biyu ita ce wadda sai ya haɗa wuri biyu ko ya cike gurbin da kika bari. Ga yadda hirar kan kasance:

"Abba, me ya sa Gizo ya zuba wa wutar ruwa?"
"Don shi mugu ne."
"To. Kafin ya zuba ruwan me ya faru? Karanto min layin sama."
"Gizo ya ci, ya ji zaƙi."
"Yanzu wuta ta mutu a gidansu, me za a yi?"
"A sake ɗebowa."
"A ina?"
"Gidan hankaki... au! So yake ya je a ba shi ɓaure!"

Wannan "au" ɗin shi muke nema. Ki lura uwar ba ta ce masa ya yi kuskure ba kuma ba ta ba shi amsa ba, mayar da shi kan layi ta yi ta yi har ya gano da kansa. Kuma in kin yi tambaya ki yi shiru, ki ƙirga zuwa goma a zuci, mu manya ba mu da haƙurin shirun yaro, daƙiƙa biyu mun amsa masa, ko yayarsa ta yi caraf ta amsa. Ki hana yayar, ki ce nata na zuwa.

Ta uku ita ce ta ra'ayi, wadda ba ta da amsa ɗaya. Hankaki sun kyauta da suka bar shi tsakiyar kogi? Da kai ne hankaka za ka zare gashinka? Ƙoƙi tana da laifi? Sharaɗin kawai ya kawo dalili daga cikin labarin. Za ki sha mamaki, wani yaron zai ce ba su kyauta ba tunda sun san bai iya iyo ba, wani ya ce ai sau nawa suna ba shi kyauta, sai gardama ta kaure, ki bar ta ta ɗan yi zafi.

Shawarata a kan "wane darasi muka koya", a rage ta. Yara sun haddace amsarta tun daga nazare, "kada mu yi haɗama, mu bi iyayenmu", za su faɗa ko labarin ba su ji ba. In dole sai an yi, ki ce a wane layi ne haɗamar Gizo ta fara fitowa, nan za ki san wanda ya bi labarin.

Na bakwai, yanka da jerawa

In an gama gidajen duka, wataƙila cikin mako guda ko fiye, ki rubuta jimla shida a kwali, kowace daga gida ɗaya, ki yanka ki cakuɗa ki zube a tabarma ya jera daga farko zuwa ƙarshe. In ya sa faɗawa ruwa kafin zare gashi, kar ki gyara, ki ce karanto min yadda ka jera, da kansa zai ji abin bai zauna ba. Daga baya ki ƙara 'yan katuna masu "da farko", "sai", "saboda haka", "amma", "daga ƙarshe" ya saka su a tsakani, waɗannan ƙananan kalmomi su ne ke riƙe da ma'ana a duk wani rubutu da zai haɗu da shi nan gaba, har littafin kimiyya.

Sannan ya rufe komai ya ba da labarin da bakinsa, ba da kalmomin takarda ba. In yana tsallake-tsallake ki ba shi yatsun hannunsa biyar, babban yatsa su wa ke ciki, manuni a ina aka yi, na tsakiya mece ce matsalar, na huɗu me aka yi a kai, ƙaramin yaya aka ƙare. Masu son zane su zana, in yaran da yawa su yi wasan kwaikwayo, tsintsiya ko ganyen darbejiya ya zama gashin hankaki, ko da yake rigimar wa zai fito a Gizo sai kin raba.

Malamar da ke da aji mai cunkoso ba za ta bi kowa ɗaya-ɗaya ba, gaskiya ne. Ki rubuta gidan ranar a allo tun kafin su shigo, in kin yi tambaya kar a amsa gaba ɗaya, kowa ya juya ya gaya wa na kusa da shi tukuna, sannan ki kira suna, har da na layin baya waɗanda ba sa ɗaga hannu. Katunan jerawa kuma ki ba yara shida su riƙe a gaban aji, sauran su ce wa zai tsaya ina.

Na takwas, labarin da bai taɓa ji ba

Duk abin da aka yi a baya da taimakon kunne ne, yanzu za a cire shi. Ki ɗauko ragowar da kika ɓoye, Gizo a gidan kada, yadda ya yi kukan ƙarya ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami, aka saukar da shi a ɗakin ƙwai, ya bi dare yana gasawa yana ci. Ki rubuta shi da irin tsarin nan na gajerun jimloli, kar ki ba da shi da baki ko kaɗan, ki miƙa masa ki ce ga abin da ya samu Gizo bayan ya faɗa ruwa, karanta ka ba ni labari ni ina aiki. Son jin ƙarshen zai ja shi. In ya riga ya san wannan ɓangaren daga wurin kaka, ki ƙirƙiro naki, Gizo ya shiga kasuwar Kurmi ko ya hau a-daidaita-sahu ba kuɗi, halinsa dai sananne ne, ba zai yi miki wuyar ƙirƙira ba.

In ya dawo ya ba da labarin kuma ya amsa "me ya sa" guda biyu, an samu abin da ake nema, a ɗauko sabuwar tatsuniya mai ɗan tsawo, irin ta 'yar bora da 'yar mowa inda zai kwatanta halin mutum biyu. In kuwa ya kasa, ki duba inda matsalar take. Ki karanta masa shafin da bakinki ki sake tambaya, in ya amsa to fahimtarsa lafiya lau, haɗa baƙi ne ke cinye masa ƙarfi har ya manta farkon jimla kafin ya kai ƙarshe, sai a koma kan gaɓoɓi minti biyar kullum kuma a ƙara gajarta jimlolin. In ko da kin karanta masa ma bai amsa ba, a koma mataki na biyu, a ƙara yawan tatsuniyar baki da tsayawa da canka.

Na san wasu za su ce ai da Turanci ake jarrabawa, me za a yi da Gizo. Yaron da ya saba tambayar kansa wa ake nufi, me ya jawo wannan, me zai biyo baya, da wannan ɗabi'ar zai buɗe littafin Turanci ko na Larabci ko na Faransanci, kalmomi ne kawai zai ƙara koya, kuma koyon bin ma'ana ya fi sauƙi a harshen da yake mafarki da shi. Daga nan ma ki fara fitar da shi daga tatsuniya kaɗan-kaɗan, ki rubuta masa saƙon aike a takarda maimakon ki faɗa da baki, "ka sayo tumatir na ɗari biyu, in babu ka sayo tattasai, canjin ka kai wa Inna", ki ga ko zai dawo da abin da aka ce, musamman wurin "in babu" ɗin nan.